Gudan jini mai ƙwayar cuta bayan ciwon maƙogwaro, kunne ko haƙori: tambayoyi da amsoshi

Ciwon maƙogwaro, kunne mai ruwa, haƙori mai kogo, maruru a gefen hanci, babu gidan da bai san su ba a Sakkwato, kuma galibinsu suna warkewa ba tare da wani tashin hankali ba. Sai dai a cikin dubbai akan samu ɗaya da ƙwayar cutar ke zarcewa ta kama jijiyar jini da ke kusa, jini ya daskare a ciki, mutum ya shiga halin rai kwakwai mutu kwakwai cikin 'yan kwanaki. Abin ba shi da yawa, kuma yana da magani. Babban haɗarinsa a wajenmu shi ne yana zuwa da kamannin maleriya ko taifot, a yi ta maganin su har lokaci ya ƙure.

Mene ne ainihin abin da ke faruwa a jikin mutum?

Jinin da ya gama aiki a ƙwaƙwalwa yana taruwa a wasu manyan hanyoyi cikin ƙoƙon kai, sannan ya gangaro tare da na fuska ta manyan jijiyoyi biyu, ɗaya a daman wuya ɗaya a hagu, ya koma zuciya. Waɗannan hanyoyi maƙwabtan maƙogwaro ne da kunne da ido da ramukan iska na ƙasusuwan fuska. A wasu wuraren ɗan siririn ƙashi ne kawai ya raba su.

Idan ƙwayar cuta ta ci ta kai ga bangon jijiya, bangon yakan kumbura, jinin da ke wucewa ya daskare a wurin. Gudan jinin nan cike yake da ƙwayoyin cuta, don haka ɓarnarsa iri biyu ce. Yana toshe hanya, jini ya taru a baya, wurin ya kumbura. Sannan yana ɓantarewa guntu-guntu, jini ya kwashi guntayen ya kai su huhu da gaɓoɓi da hanta, duk inda suka sauka su tara mugunya. Kamar rijiyar da mushe ya faɗa ne, duk gugan da aka jawo da cuta yake fitowa, kuma ba za a huta ba sai an gyara rijiyar kanta.

Iri nawa ne?

Uku ne suka fi fitowa. Akwai na babbar jijiyar wuya, wanda ke biyo bayan ciwon maƙogwaro, ana kiransa ciwon Lemierre. Akwai na matattarar jinin da ke bayan ido, wanda ke tasowa daga maruru a fuska, ko ramukan hanci, ko haƙori. Akwai kuma na hanyar jinin da ke bayan kunne, wanda tsohon ciwon kunne ke haifarwa. Wani lokaci ɗaya yakan zarce ya zama ɗayan, tunda hanyoyin a haɗe suke.

Wane ne Lemierre, kuma me ya sa ake ce wa ciwon "wanda aka manta"?

André Lemierre likita ne ɗan Faransa, masanin ƙwayoyin cuta. A 1936 ya wallafa bayanin marasa lafiya 20 da suka kamu da wannan ciwo a mujallar likitoci ta Lancet, 18 daga cikinsu suka rasu. A lokacin babu penisilin a asibitoci. Da aka samu penisilin aka riƙa ba masu ciwon maƙogwaro, sai ciwon ya yi ƙaranci har likitoci da yawa suka gama aikinsu ba su taɓa ganinsa ba, shi ya sa aka laƙaba masa wannan suna. Daga shekarun 1990 rahotanninsa sun sake yawaita.

Ƙwayar da ta fi haddasa shi ita ce Fusobacterium necrophorum, mai rayuwa inda babu iska, kuma akan same ta a maƙogwaron masu lafiya ma. Sunanta ba baƙo ba ne ga masu aiki a Asibitin Noma na Sakkwato, domin masu bincike sun taɓa samun ta a raunukan yara masu cutar noma, wato ciwon da ke cin naman baki da fuska, a Najeriya. Amma noma daban, wannan ciwo daban.

Wani bincike a ƙasar Danmak ya samu mutum 3 zuwa 4 cikin miliyan ɗaya suna kamuwa da ciwon Lemierre a shekara, a tsakanin matasa kuma kusan 14 cikin miliyan. Abin da ya fi damuna shi ne waɗanda yake kamawa: samari da 'yan mata masu jini a jika, ɗalibai da sababbin ma'aurata, waɗanda ba su da wani ciwo a baya, kuma su ne aka fi ce wa "daure, zai wuce".

Ta yaya zan bambanta shi da ciwon maƙogwaro na yau da kullum?

A kwanakin farko ba za ka iya ba, likita ma ba zai iya ba. Zazzaɓi ne da zafin haɗiya kamar kowane. Bambancin yana cikin tafiyar ciwon. Ciwon maƙogwaro na yau da kullum yakan kai ƙarshen tsananinsa a kwana biyu ko uku, daga nan sauƙi ya riƙa zuwa, kafin mako ya cika an manta da shi. Wannan kuwa yakan juyo. Bayan kwana huɗu zuwa mako ɗaya, wani lokaci har mako biyu ko uku, lokacin da maƙogwaron ma ya fara lafawa, sai zazzaɓi mai zafi ya dawo da makyarkyata.

Makyarkyatar abin lura ce. Za ka ga saurayi a tsakiyar zafin watan Afrilu, ana neman inuwa ana neman fanka, shi kuwa an lulluɓa masa bargo biyu, haƙoransa na kaɗawa, gadon na girgiza. Bayan ɗan lokaci gumi ya karyo masa har rigar ta jiƙe, a ce alhamdulillahi zazzaɓi ya sauka, da yamma abin ya sake dawowa.

Sai wuya. Ciwon a gefe ɗaya yake, daga ƙasan muƙamuƙi kusa da kunne, ya bi gaban tsokar nan da ke miƙewa idan mutum ya waiga, ya gangaro zuwa ƙashin wuya. Marar lafiyan yakan karkatar da kai wajen da ke ciwo, in ka kira shi ya juyo da jikinsa gaba ɗaya. Wani bakinsa ba ya buɗuwa sosai. Wani kuma wuyan ba ya nuna komai, sai dai tari, da sukar ƙirji idan ya ja numfashi, da haki, wani lokaci kaki da jini, alamar guntayen sun kai huhu. Gwiwa ko ƙugu ko kafaɗa na iya kumbura, ido na iya yin ɗorawa kamar mai shawara.

Duk wanda ya yi ciwon maƙogwaro, ya fara samun sauƙi, sannan zazzaɓi da makyarkyata suka dawo tare da ciwon wuya gefe ɗaya ko wahalar numfashi, asibiti ya kamata ya kwana a ranar.

An yi gwaji an ce maleriya ce. Ba shi ke nan ba?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci a wajenmu, don haka zan tsaya a kanta.

A ƙasar da sauro ya yi yawa, musamman daga damina zuwa kaka, mutane da yawa suna yawo da ƙwayar maleriya a jininsu ba tare da tana sa su ciwo ba. Gwajin yatsa zai nuna ta, kuma gwajin bai yi ƙarya ba, amma hakan bai tabbatar da cewa ita kaɗai ce ke kwantar da mutum ba. Gwajin Widal da ake yi wa taifot ya fi wannan rauni, yakan nuna akwai a jikin wanda ba ya ɗauke da ita. Makyarkyata, gumi, ciwon kai, ɗorawar ido, raguwar ƙwayoyin da ke tsayar da jini, duk ana samunsu a maleriya mai tsanani, duk kuma ana samunsu a ciwon Lemierre. Hoton ƙirji ma na iya nuna ramuka a huhu, a zaci tarin fuka ne.

Abin da zai raba gardama abu biyu ne. Na farko lokaci: ingantaccen maganin maleriya, in an sha shi daidai, ya kamata a ga sauƙi a fili cikin kwana biyu zuwa uku. Idan an kai kwana uku jiki sai ƙara rikicewa yake yi, a koma, kada a sake sayen wani maganin maleriyar a kemis. Na biyu labari. Maleriya ba ta kumbura wuya gefe ɗaya, ba ta turo ido waje, ba ta sa bayan kunne ya tasa. Likitan da ke duba layin mutane tun safe ba lalle ya tambayi abin da ya faru makon jiya ba, kuma masu jinya sukan ga ciwon maƙogwaron da ya wuce bai cancanci a faɗa ba. Shi ne kuwa mabuɗin. Uwa ta ce, "Likita, yau kwana tara da ya yi ciwon maƙogwaro, ya sha magani ya ji sauƙi, shekaranjiya zazzaɓi ya dawo da rawar ɗari, ga nan gefen wuyansa ba ya bari a taɓa." Wannan jimla kaɗai tana iya sauya gwajin da za a rubuta da maganin da za a fara.

Ba sanƙarau ba ne? Ko mashaƙo, ko hangum?

Sakkwato tana cikin yankin da sanƙarau ke ɓarkewa lokacin hunturu da bazara, kuma ba a manta annobar 2017 ba, don haka daidai ne hankali ya fara zuwa can. A sanƙarau ƙeya ce ke sandarewa, mutum ya kasa sunkuyar da kai haɓa ta taɓa ƙirji. A mashaƙo akan ga wata fata-fata mai launin toka ta manne a maƙogwaro, wuya ya kumbura sosai, kuma yana yaɗuwa tsakanin yara. Hangum yana kumbura gaban kunne da kumatu, kuma da wuya ya zo da makyarkyata mai tsanani. Ba aikin gida ba ne tantancewa. Ban da hangum mai sauƙi, dukansu na gaggawa ne, kuma gudan jini a cikin kai kan zo tare da sanƙarau a mutum ɗaya.

Da gaske ne matse ƙurji a fuska na iya kashe mutum?

Da wuya ƙwarai, amma yana faruwa. Wurin da ake tsoro shi ne daga gadar hanci zuwa kusurwoyin baki biyu, wato hanci da leɓen sama. Jijiyoyin wurin suna haɗe da na kwarmin ido, su kuma suna zuba a matattarar jini biyu da ke bayan idanu a gindin ƙwaƙwalwa. Idan aka matse maruru da ƙarfi, ko aka tsokane shi da allura ko reza, ko aka tuge gashin hanci wurin ya ƙwaɓe, ana iya tura ƙwayar cuta ta bi wannan hanya. Staphylococcus aureus, mai haddasa maruru, ita ce ta fi yin wannan ɓarna. Ramukan iska na can bayan hanci ma tushe ne babba, musamman bayan mura mai nacin gaske da majina mai wari.

Alamunsa a ido suke fitowa. Ciwon kai mai tsanani a goshi ko bayan ido, zazzaɓi, fatar ido ta kumbura ta yi nauyi, farin idon ya yi ja ya tasa kamar an hura masa ruwa, ƙwayar idon ta turo gaba. Jijiyoyin da ke juya ido ta wannan matattara suke ratsawa, shi ya sa mutum ke ganin abu bibbiyu, ko idon ya kasa juyawa waje, ko goshi da kumatu su yi dindiris. Matattaran biyu a haɗe suke, don haka cikin kwana ɗaya ko biyu ɗaya idon ma kan kama. Kumburin ido da ya tsallaka daga ɗaya zuwa ɗaya tare da zazzaɓi da ciwon kai ya wuce ciwon ido na ɗigo. Kafin zuwan magungunan kashe ƙwayar cuta kusan duk wanda ya kamu da wannan ba ya tashi. Yanzu mafi yawa suna rayuwa, amma wasu sukan rasa gani ko idon ya karkace, kuma jinkiri ne ya fi jawo haka. Masu ciwon sukari su fi kowa kiyayewa.

Yarona ya daɗe kunnensa na zubar da ruwa, amma ba ya masa ciwo. Akwai damuwa?

Akwai. Mun saba da kunne mai ruwa har mun ɗauke shi kamar wani abu da yaro zai girma ya bari, a goge da auduga ko gashin kaza, a ɗiga man ja ko ruwan ganye, a tura shi makarantar allo. Rashin ciwon ne yake yaudararmu. Mugunyar da ta shekara tana fita, musamman mai wari, tana iya nuna cewa ciwon yana cin ƙashin da ke bayan kunne. Wani lokaci wata fata ce ke taruwa a can ciki tana narkar da ƙashin a hankali. Daf da bayan wannan ƙashi kuwa babbar hanyar jinin ƙwaƙwalwa take.

Ki duba bayan kunnen da kanki, ki gwada shi da ɗayan. Idan wurin ya tasa, ya yi ja, yana zafi in an taɓa, lanƙwasar da ke tsakanin kunne da kai ta shafe, kunnen ya turo gaba ya fi ɗan'uwansa fitowa, ciwon ya shiga ƙashi. Idan aka ƙara da ciwon kai mai naci, amai, zazzaɓi mai hawa da sauka, yawan barci, ganin abu bibbiyu ko fizge-fizge, a tafi asibiti nan take, ko da dare ne. Haka nan idan ruwan da ya saba fita ya tsaya kwatsam sannan ciwon kai ya tashi, kada a yi murna tukuna, mai yiwuwa hanyar fita ce ta toshe.

Ko babu ɗaya daga cikin waɗannan, kunnen da ya wuce mako biyu yana ruwa yana buƙatar ganin ma'aikacin lafiya, don ko ba gudan jini, yana rage ji, yaro ya koma baya a karatu a ce ba ya da ƙoƙari.

Haƙori fa?

Mugunyar gindin haƙoran sama na iya hawa wajen ido, ta ƙasa kuma ta gangara ƙarƙashin muƙamuƙi da wuya. Kanumfari na rage zafi, amma ba ya fitar da mugunya, ruwan batir da wasu ke ɗigawa kuwa ƙone dasashi yake yi. Kumburin haƙori da ya kai ido, ko ya hana buɗe baki, ko ya ɗaga harshe har haɗiya da numfashi suka yi wuya, na gaggawa ne.

Ana ɗaukarsa daga wani?

A'a. Mai jinya ba ya ɗaukar gudan jinin, babu dalilin ƙauracewa marar lafiya.

A kai wa wanzami ya yi sakiya ko ya cire beli?

Kada a kai. Wanzamai suna da matsayinsu a al'adarmu, amma kumburin da ke gefen wuya a wannan ciwo jijiya ce babba, ga kuma jijiyar da ke kai jini ƙwaƙwalwa a manne da ita. Aska a wurin na iya jawo zubar jinin da ba za a iya tsayarwa ba. Murza wurin da ƙarfi ko kafa ƙaho ma ba shi da amfani, kuma akwai tsoron ya ɓantaro gudan. Cire beli ba ya maganin ciwon maƙogwaro, sabon rauni yake buɗewa a wurin da ƙwayar cuta ta riga ta cika. Addu'a da tofi a yi su a gefen gadon asibiti, ba sa hana allura aiki, allura ma ba ta hana su.

Me za a yi a asibiti?

Za a ɗebi jini a shuka shi a ɗakin gwaji don a ga ƙwayar da za ta tsiro, kuma an fi son a ɗiba kafin a fara magani. Fusobacterium takan ɗauki kwanaki kafin ta bayyana, don haka likita ba ya jiran sakamako, yakan fara magani bisa zato mai ƙarfi. Sikanin wuya irin wanda ake yi wa masu juna biyu yana iya nuna gudan a jijiyar wuya, kuma shi ya fi araha. Wanda ke cikin kai ko can ƙasan wuya sai hoton CT da ake yi bayan an sa allurar rini, ko MRI, wato hotunan manyan na'urori masu leƙa cikin jiki. Za a ɗauki hoton ƙirji. A Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo akwai sashen kunne, hanci da maƙogwaro da kuma cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa, can ne irin wannan jinya ta fi dacewa ta ƙare.

Maganin ta jijiya ake fara shi. Ga ciwon Lemierre akan haɗa metironidazol da irin su seftiriyazon, ko a ba da wani mai ƙarfi da ya haɗa aikin biyun. Eritiromaisin da azitiromaisin, waɗanda ake yawan saya don maƙogwaro, sau da yawa ba sa kashe wannan ƙwaya. Ga na bayan ido akan zaɓi maganin da ke kama Staphylococcus. Inda mugunya ta taru sai an fitar da ita, ko a maƙogwaro, ko a ƙirji, ko a gaɓa, ko a buɗe ƙashin bayan kunne a wanke, ko a cire haƙorin. Maganin tsinka jini irin su hefarin likitoci ba su gama haɗa kai a kansa ba, akan ba wasu, musamman idan gudan yana ƙaruwa ko ya shiga cikin kai, a bar wasu. Hukuncin likitan da ke ganin hoton ne. Kada kowa ya saya wa kansa asfirin da sunan tsinka jini.

Har tsawon wane lokaci?

Mako uku zuwa shida galibi, saboda magani ba ya ratsa gudan jini da sauri. Zazzaɓin kansa na iya kai mako ɗaya ko fiye kafin ya sauka ko da maganin daidai ne, kuma a nan ne dangi kan karaya su ce asibiti ya gaza, a nemi sallama a koma gida. Ina roƙon kada a yi haka. A tambayi likita kai tsaye ko alamun jini da numfashi suna gyaruwa, domin su ne ma'auni. Kuɗi ma gaskiya ne, jinyar makonni da hotuna tana karya gida. A faɗa wa likita halin da ake ciki tun farko don ya fara da gwajin da ya fi zama dole, a nemi sashen jin daɗin marasa lafiya, wanda kuma yake da rajistar inshorar lafiya ta jiha ko ta tarayya ya zo da katinsa. Bayan sallama akan ci gaba da ƙwayoyi, a shanye su duka ko da an koma kasuwa.

Idan jijiyar wuya ta toshe har abada fa?

Ta ɗaya gefen da ƙananan jijiyoyi suna ɗaukar aikin, mutum ya rayu lafiya. Yawancin waɗanda suka tsallake ciwon Lemierre suna komawa daidai. Masu na ido da na kunne su ne ke buƙatar a ci gaba da duba ganinsu da jinsu.

To kowane ciwon maƙogwaro sai a sha maganin kashe ƙwayar cuta don rigakafi?

A'a. Mafi yawan ciwon maƙogwaro, musamman mai zuwa da mura da tari lokacin ƙurar hunturu, bairos ne ke kawo shi, amoksisilin ba ya masa komai. Shan ƙwaya biyu yau, biyu gobe, a ajiye sauran, yana rufe alamun ciwo ya kuma koya wa ƙwayoyin cuta jure magani. Wanda ya cancanci a duba shi shi ne mai zazzaɓi mai zafi da farin mugunya a maƙogwaro da kaluluwa a wuya ba tare da tari ba, ko mai ciwon da ya fi ƙarfi a gefe ɗaya. In an rubuta magani, a cika kwanakinsa.

Muna ƙauye, nesa da birni. Me za mu yi a daren da abin ya tashi?

Mutumin Isa ko Sabon Birni ko Tangaza ba zai ga na'urar CT a daren ba, kuma hanya ma ba kullum take biyuwa da dare ba. A nufi babban asibitin ƙaramar hukuma ko cibiyar lafiya mafi kusa da ke da ma'aikaci. A ba da labarin maƙogwaro ko kunne ko haƙori ko marurun tun daga ranar da ya fara, a zo da kwalayen duk magungunan da aka sha. A roƙi a fara allurar kashe ƙwayar cuta da ƙarin ruwa kafin a kama hanya, a kuma karɓi takardar turawa mai ɗauke da sunan allurar da lokacin da aka yi ta. Mai wahalar numfashi a ɗauke shi a kishingiɗe, wanda hankalinsa ya gushe a kwantar da shi ta gefe, kada a ɗura masa ruwa ko jiƙo a baki.